Wanda Ya Tsinka Kunun Asibiti

Shekara uku na yi ina dama kunu a ɗakin shan magani, nan garinmu Kontagora, a zamanin Turawa, bayan rasuwar mijina na fari. Ba wani babban asibiti ba ne. Ɗaki biyu ne na ƙasa da rufin kwano, sai wata doguwar rumfa a baya inda ake kwantar da waɗanda suka zo daga nesa. Aikina shi ne in dama wa mutanen rumfar kunu da safe, in tuƙa musu tuwo mai laushi da yamma. Ana auno mini gero da dawa, ni nake surfe, ni nake niƙa.

Shugaban wurin shi ne malamin asibiti. Na daɗe a duniya, na ga masu ji da kai iri-iri, amma har yau ban ga wanda ya kama ƙafarsa ba. Kwas ya je ya yi a Zariya, ya dawo da farar riga mai aljihu uku, da gajeren wando, da safa har gwiwa, da wani littafi mai jan bango wanda ba ya buɗe shi sai in akwai masu kallo. A aljihun ƙirjinsa kullum akwai alƙalami biyu. Ɗaya ba ya rubutu. Na sani, domin ni nake wanke rigar.

A bangon ɗakin da yake duba marasa lafiya an kafa wani babban hoto na mutum da aka buɗe masa ciki, kayan cikinsa duk a waje, kowanne da launinsa. Wannan hoto shi ne dukiyar Malam. Kowace safiya, kafin ya ba kowa magani, sai ya jera mutane a kan benci, ya ɗauki wata siririyar sanda, ya fara karatu. Mutum ya yi kwana biyu a hanya daga Rijau yana riƙe da ciki, amma dole ya zauna ya ji yadda ake kiran hanta da Turanci. In an gama duk wannan, maganin dai ɗaya ne: man gelo, ko wani farin ruwa a babbar kwalba, shi ma zawo yake sa mutum. Mai ciwon ciki ya sha, mai ciwon kai ya sha. Na taɓa ganin ya ba wani Bakambare da ƙaya ta karye masa a tafin ƙafa.

Ni kuwa 'yar mahauta ce. A gidan mahaifina na tashi cikin kayan ciki, mu mata mu ke wanke tumbi da hanji kafin a kai kasuwa. Hannuna ya san nauyin hanta, ya san yadda ake cire maɗaciya ba tare da ta fashe ta ɓata nama ba. Saboda haka hoton nan bai ba ni tsoro ba kamar yadda yake ba wasu. Burge ni ma ya yi, domin a nan na fara ganin ashe tumbin mutum ɗaya ne tak, ɗan ƙarami kamar zabira, ba irin na saniya mai ɗaki-ɗaki ba.

Wata rana ina shara, Malam ya ɗora sandarsa a kan maɗaciya yana gaya wa mutane cewa nan ne dattin jiki yake taruwa, shi ya sa dole a riƙa wanke ciki da magani. Bakina bai yi shiru ba.

Na ce, "Malam, ai kamar tana da 'yar hanya da take zuba cikin hanji. In muna wanki mukan ga farkon hanjin ya rine da ruwanta."

Ya juyo a hankali, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke, 'yar mahauta," ya ce, "wannan mutum ne, ba akuya ba. Ɗauki tsintsiyarki."

Mutanen benci suka yi dariya, domin kowa yana jiran magani daga hannunsa. Na ɗauki tsintsiyata. Wannan fa shi ne mutumin da matarsa ta gaya mana a bakin rijiya cewa ranar layya ɗaki yake shigewa har sai an gama fiɗa, wai ƙarnin jini yana juya masa kai.

Rigimarmu ta gaske ta fara ne da wata takarda da aka aiko daga sama, wai a riƙa duba abincin marasa lafiya. Malam ya ɗauki wannan umarni da muhimmanci ƙwarai, musamman da yake ba ya karyawa a gida. Kullum in na dama kunu na juye a babbar ƙwarya, sai ga shi. Ba ya taɓawa da zafinsa, yana tsoron harshensa. Sai ya tsaya ya jira ya huce, ya ɗauki ludayina, ya kurɓa, ya mayar cikin ƙwaryar, ya juya, ya sake ɗebowa. Ludayi huɗu, wani lokaci biyar, yana lumshe ido kamar mai nazari. Sannan ya ce kada a raba wa kowa sai ya gama karatun safe.

Kafin ya gama karatun, kunun da na dama da kauri, wanda ludayi ke tsayawa a cikinsa, ya tsinke ya zama ruwa tsululu.

Babu macen da ba ta san wannan ba. Tun kafin yarinya ta iya ɗaura zane ake gaya mata kada ta mayar da ludayin da ta sha da shi cikin ƙwarya. Ba mu san dalili ba, amma mun san abin yana faruwa, mun kuma san in kunun yana kan wuta yana tafasa ba ya yin haka, sai ya huce.

Na lallaɓa shi. Na ce, "Malam, don Allah bari in riƙa zuba maka naka a ƙoƙo."

Ya ce a'a, doka ta ce daga abin da marasa lafiya za su sha zai ɗanɗana.

Na ce, "To ka daina mayar da ludayin. Yawu yana tsinka kunu."

Ya yi wata dariya ta hanci. "Camfin mata! Yawu ruwa ne kawai, aikinsa jiƙa loma ta wuce maƙogwaro. Ɗigo nawa ne zai tsinka ƙwarya guda? Ni za ki gaya wa aikin yawu?"

Da marasa lafiya suka fara ƙorafi cewa kunun ba ya riƙe ciki, Malam ya zauna ya yi tunani mai zurfi irin na masu ilimi, ya gano bakin zaren: wai ina kwashe geron asibiti ina kaiwa gida, in ya juya baya kuma in ƙara ruwa. Ya faɗi haka a gaban mutane. Ni da ko a gidan mijina ba a taɓa cewa na ɗauki allurar wani ba. Na koma bayan rumfa na yi kuka, ba don tsoronsa ba, don takaicin a ce irin wannan mutum ne ke da ikon zubar mini da mutunci.

Cikin wannan hali aka kawo wani tsoho daga wajen Dukku, a kan jaki, matarsa tana biye da shi a ƙasa. Manomi ne, Badukke, dogo, amma ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Babu haƙori ko ɗaya a bakinsa. In ya haɗiyi tuwo sai ya tsaya masa a ƙirji, in ya sha kunu mai kauri sai ya dawo. Malam ya danna masa ciki sau biyu da yatsa, ya duba hoton bango, ya rubuta man gelo. Kwana biyu tsohon yana zawo, har ya kasa tashi zaune.

Matar ba ta da yawan magana. Hausarta tana da nauyin harshensu, takan tsaya ta nemi kalma kafin ta faɗa. Rana ta uku na gan ta ta karɓi kofin maganin da hannu biyu, ta durƙusa ta yi godiya, ta zagaya bayan rumfa ta tuttular da shi a gindin dalbejiya. Muka haɗa ido. Na ci gaba da wanke tukunyata.

Da dawarta ta zo a ƙullin zane. Ta jiƙa ta kwana ɗaya, ta tsame, ta shimfiɗa a inuwa, ta rufe da ganye tana yayyafa ruwa. Bayan kwana uku dawar ta yi tsiro, farare ƙanana. Ta shanya, ta murje tsiron ta fece, ta roƙi dutsen niƙana ta niƙa. Da safe ta zo da ƙoƙonta.

"Yaya," ta ce da ni, "zuba mini mai kauri. Kafin mai riga ya sa baki."

Na zuba mata. Ta bari ya ɗan huce, ta barbaɗa garin tsiron kaɗan, ta juya da tsinke. Ina tsaye ina kallo kunun ya saki, ya zama ruwa-ruwa. Ta miƙo mini in taɓa. Zaƙi na ji, kamar an sa zuma kaɗan, alhali ba ta sa komai ba.

Ta ce, "A wurinmu da wannan muke fara giya. Amma kafin ta zama giya, abincin yaye ne, da na tsoho. Gero yana nan duka a ciki, bai tafi ko'ina ba. Ciki ne aka rage wa aiki."

Tsohon ya sha, bai dawo ba. Ya sha da rana, ya sha da yamma. Cikin mako guda ya fara zama ya jingina da ginshiƙin rumfa, har yana tambayar ko an yi ruwa a wajensu. Nakan ce, "Baba, yaya ƙarfin jiki?" Sai ya ɗaga hannu yana murmushi da dasashi. Malam kuwa yana zagayowa yana nuna shi ga sababbin zuwa, yana cewa su ga aikin man gelo.

Sai wata safiya ya tarar da sabuwar dawar da matar tsohon ta jiƙa a ƙarƙashin ganye. Ya ɗaga ganyen da bakin sandarsa kamar wanda ya ga maciji. Nan take ya haɗa lissafinsa: ga inda hatsin asibiti yake tafiya, ni da wannan mata muna dafa giya a bayan ɗakin shan magani. Ya kira ta da sunan da ba zan maimaita ba, irin wanda wasu 'yan gari ke kiran mutanen ƙauye da ba sa salla. Ta tsaya tana kallonsa. Ni kuma ya ce in jira zuwan Likita, ranar zan san matsayina.

Likita Bature ne, yakan zo rangadi can ba a rasa ba. Kwana uku kafin zuwansa aka shafe bango da farar ƙasa, aka jera duwatsu a bakin hanya su ma aka shafe su, na wanke rigar Malam na sa mata bula. Ya iso da hantsi a mota, siriri, fuskarsa ja wur, yana ta share gumi. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, irin ta ba da umarni.

Malam ya kai shi rumfa, ya sa aka kawo ƙwaryar kunun ranar, wadda ya riga ya yi wa aikinsa. Ya ɗebo da ludayi ya tsiyayar daga sama don Likita ya ga ruwa ne. Ya nuna dawa mai tsiro. Ya yi Turanci mai tsawo yana nuna ni da sanda. Likita ya dube ni ya ce, "Mene ne magana?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ban ƙara ruwa ba. Malam ne yake sha yana mayar da ludayi, yawunsa ke tsinka kunun."

Malam ne tafinta. Abin da na faɗa ya fi kalma goma, shi ya juya shi da kalma uku. Amma Likita ya kama kalma ɗaya.

"Yawu?" ya ce. "Yawu na wa?"

Na ga in na yi shiru yanzu shi ke nan. Na ce a ba ni izini in dama sabo a gabansa. Likita ya gyaɗa kai.

Akwai sauran gasara. Na hura wuta, na dama da kauri sosai, na raba ƙoƙo uku, na bari ya huce yadda Malam yake so. Na farko na ajiye ban taɓa ba. Na biyu matar tsohon ta barbaɗa garinta. Na uku na tsaya da ludayi a hannu, ina duban ƙasa.

Likita ya gane. Ya kece da dariya, ya ce wa Malam wani abu da Turanci. Malam ya yi kamar bai ji ba. Likita ya maimaita. A gaban marasa lafiya, da 'yan jinya, da direban mota, malamin asibiti mai safa har gwiwa ya sunkuya ya tofa yawu cikin ƙoƙon kunu. Likita ya ce ya ƙara. Ya ƙara. Na juya da ludayi.

Suka tafi duba marasa lafiya. Da suka dawo, ƙoƙon farko yana nan da kaurinsa, har ya yi fata a sama. Sauran biyun sun zama ruwa. Likita ya sa aka ɗauko aidin, wanda ake shafa wa rauni. Ya ɗebi kaɗan daga kowane ƙoƙo ya sirka da ruwa a kofi, ya ɗiga. Na farko ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan baba na marina. Sauran biyu suka ɗan yi ja-ja kawai.

Daga nan ya tafi gaban hoton bango, ya karɓi sandar Malam daga hannunsa, ya ce ya fassara wa kowa. Ban taɓa jin muryar Malam ta yi ƙasa haka ba.

Wai a cikin yawu akwai wani sinadari da ido ba ya gani, ya faɗi sunansa ban riƙe ba. Aikinsa ya yanyanka garin hatsi ya mayar da shi sukari, kuma kaɗan ya isa ya yi aiki mai yawa, domin ba ya ƙarewa da wuri, sai dai wuta ta kashe shi. Shi ya sa tun a baki narkewar abinci take farawa, wanda ba shi da haƙoran tauna kuwa an rage masa. In abinci ya sauka tumbi, can akwai ruwa mai tsami da wani sinadarin na daban wanda nama da wake yake bi. Daga nan ya shiga hanji. Sandar ta tsaya a kan maɗaciya. Malam ya so ya tsallake wurin, Likita ya dube shi, dole ya faɗa: ruwan maɗaciya daga hanta yake zuwa, yana zuba a farkon hanji, yana farfasa mai da kitse kamar yadda sabulu yake yi wa maiƙo a kwano. Akwai kuma wata tsoka fara-fara kwance a bayan tumbi, wadda mu a gidan fawa ba mu ɗauke ta bakin komai ba, ashe ita ce ke zubo sinadaran da ke ƙarasa aikin, sannan hanji ya tsotse abin da ya narke ya shiga jini. Ƙwayar dawa ma, in za ta tsira, irin abin da ke cikin yawu take fitarwa don ta narkar da garinta ta ciyar da tsiron.

Kada a ɗauka Likita ya burge ni. Ya yi ta murna kamar shi ya gano abin. Ya fitar da ɗan littafi ya rubuta, ya tambayi yadda ake kiran dawa da Dukkanci, ya sa aka maimaita masa har sau uku, ya ƙulle garin tsiron kaɗan a hankici ya sa aljihu. Bai tambayi matar sunanta ba. Ni ma bai ce a ba ni haƙuri ba, alhali a gabansa aka kira ni ɓarauniya. Da zai tafi ya dafa kafaɗar Malam suna 'yar dariya, ya ce a rage ba da man gelo, ya shiga mota. Kafin azahar ya kama hanyar Rijau.

Na zaci Malam zai kwana biyu yana jin kunya. Washegari da sassafe na same shi yana manna takarda a ginshiƙin rumfa. A lokacin ban iya karatu ba, sai daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka shi da kansa ya karanta mini, da ƙarfi, don kowa ya ji. An hana mata masu dafa abinci da masu jinya mayar da ludayin da suka sha da shi cikin ƙwarya, saboda binciken asibiti ya nuna wannan ƙazanta tana lalata kunu. A ƙasa ya sa hannu.

Na ce, "To, Malam. Za mu kiyaye."

Ya ce, "Yawwa. Abin da nake ta faɗa muku ke nan, ba kwa ji."

Daga ranar ya zo da kofinsa na tangaran daga gida, nake zuba masa, kuma ludayi huɗun nan suka koma kofi biyu. Karatun safe ya ƙara tsawo, domin an sami sabon darasi. Yakan sa a kawo masa ƙoƙo biyu da aidin, ya zaɓi wani baƙauye ya sa shi tofi, ya tsaya yana kallon fuskokin mutane in launi ya juya. Yana cewa ilimin Zariya ne. Garin tsiro kuma ya sa ni nake yi wa duk mai raunin ciki, ya raɗa masa suna abincin Likita. Man gelo ya rage shi na wata guda, sannan ya koma gidan jiya.

Tsohon da matarsa suka tafi kafin girbi. Shi ya hau jaki da kansa. Ta zo ta yi mini sallama a bakin murhu, ta riƙe hannuna, ta ce in na bi ta wajensu in tambaya, kowa ya san gidan. Ban taɓa zuwa ba. Bayan damina biyu wani mai sayen hatsi da ke zuwa kasuwar Dukku ya kawo mini dawa cikin ƙwarya daga wurinta, ya ce tsohon ya rasu da rani, yana zaune a gindin rumbunsa.

A shekarar aka ƙara wa Malam girma, aka mayar da shi wani gari mafi girma. An yi masa walimar ban kwana, ni na dafa. Ya tashi ya yi jawabi a kan wahalar da mai ilimi yake sha a cikin jahilai, aka yi ta tafi. Ni kuma bayan wata biyu na yi aure a Sahon Rami, na bar aikin.